Masta Kitione da Ajin da Ba a Gina Ba

Shekara goma sha ɗaya muka yi a ofis ɗaya ni da Masta Kitione, a kwalejinmu ta horar da malaman firamare da ke bayan garin Labasa, a ɗaya daga tsibiran ƙasarmu. Ni lissafi nake koyarwa, shi kuma yana koya wa ɗalibai yadda za su koya wa ƙananan yara karatu. Teburinsa na jikin taga, nawa na bakin ƙofa. Da rana in na kwance ƙunshin rotina, wato irin gurasarmu, sai ya miƙo hannu ko ɗago kai ba ya yi, ni ma haka nake yi wa kwanon rogo da kifinsa. Sunana Pushpa, amma shi kullum "ƙanwata" yake ce mini.

Mutumin lardin Bua ne, ɗan mai fasa kwakwa. Sai da ya shekara goma sha ɗaya bai iya karanta sunansa ba, har an sallama shi a kan daƙiƙi ne, kafin wata malama ta ja shi bakin teku ta riƙa zana masa baƙaƙe a jiƙaƙƙen yashi yana bi da yatsa. Daga nan kai ya buɗe. Ya koyar a makarantun ƙauye shekara goma sha huɗu, sannan aka ɗauko shi kwaleji aka ba shi wani dogon aji a ƙarshen tsohon gini. A wannan ajin ya yi shekara ashirin da biyu. Bango duk hotuna ne da baƙaƙen da ɗalibai suka yanka da kwali, ga gwangwanaye cike da marafan kwalba da katantanwa, kowanne da harafi a jikinsa. Ko an ɗaure masa ido ya san inda komai yake.

A lokacin azuzuwanmu ba su da lamba, suna gare su. Akwai Ɗakin Mangwaro, akwai Ɗakin Kwaɗi da ruwa ke shiga da damina. Nasa kuwa Ɗakin Masta kawai ake cewa, duk da mastoci sun fi ashirin a kwalejin. Mai rabon azuzuwa ita ce Madam Torika, wata gajeriyar mace mai murya kamar ƙararrawa, kuma taubashiyarsa ce, ɗiyar ƙanen uwarsa. Da alli take aikinta a wani babban allo. Ta san Masta Jagdish mai koyar da kimiyya gwiwarsa ba ta hawa bene. Ta san malaman da ba sa ga maciji, ba ta haɗa su bango ɗaya. In lokacin yankan rake ya zo manyan motoci suka fara zirga-zirga, ba ta sa darasin waƙa a ajin bakin titi.

Sai aka mayar da kwalejinmu ƙarƙashin wata hedikwata a Suva, babban birnin ƙasar. A watan Oktoba suka turo wata budurwa mai ladabi, Mis Roshika, wai masaniyar tsara wuri ce. Ta zo da wata 'yar na'urar awo mai jan haske da tsofaffin zanen gine-gine a naɗe. Mako biyu ta yi tana leƙa tagogi tana ƙirga kawuna. Ba wanda ya tuna ya gaya mata cewa a daidai makonnin nan ɗaliban Masta duk suna makarantun ƙauye suna gwajin koyarwa. Duk sanda ta leƙa ajinsa, shi kaɗai take gani yana goge katantanwa. Har shayi ya haɗa mata.

"Yarinyar kirki ce," in ji shi. "Ta ce ajina shi ne mafi tsafta."

Da muka dawo daga hutu a Fabrairu, sai muka tarar da wata kwaleji daban. An raba Ɗakin Masta gida biyu da katako, rabi an jera kwamfutoci, rabi an tara karyayyun kujeru. Kayansa an zuba a kwalaye an ajiye a baranda. Ofisoshinmu an soke su. An zuba mu duka a babban ɗaki ɗaya, tebur goma sha tara, malamai talatin da ɗaya, wanda ya riga zuwa shi ke da wurin zama. An shafe allon Madam Torika, an aje mata kwamfuta. Kowace ƙofa an manna mata lamba.

Ya tsaya a tsakiyar babban ɗakin da takardar jadawalinsa a hannu, yana nesanta ta da ido yana matso da ita.

"Ƙanwata, karanta mini nan. G ɗaya, sifili tara. Wane ne G?"

"Ginin bayan kantin abinci ne, Masta."

"Wancan ai Sabon Gini ne."

"Yanzu G ne."

"To A ɗin ina yake?"

Ban sani ba. Daga baya muka gano A gidan maigadi ne.

Na raka shi, don darasina sai ƙarfe goma. Muka bi baranda muna karanta ƙofofi: sifili shida, sifili bakwai, sifili takwas. Daga takwas bango ya ƙare. Gaba sai wani shimfiɗaɗɗen siminti da ciyawa ta ci gefensa, da tankin ruwa a kusurwa. Ɗalibai talatin da takwas na tsaye a wurin, kowa da irin takardarsa, suna kallonmu muna kallonsu. Masta ya koma baya ya sake ƙirgawa da yatsa. Ya zagaya bayan ginin. Har bayan tanki ya leƙa.

Muka nufi wurin Madam Torika.

"Taubashi, ina kika kai mini aji?"

"Kai tsoho, ido ne ya fara tafiya? Ga shi nan." Ta juyo mana da fuskar kwamfutar. "Kujera arba'in, fanka biyu, taga huɗu. Har ka fi kowa sa'a."

"Tashi ki nuna mini fanka ɗaya, in ba ki saniya."

"Saniyar wa? Kai da ko kaza ba ka da ita?"

Ta tashi tana dariya, ta dawo ba dariya. Ta zauna ta daɗe tana kallon kwamfutar kamar za ta yi mata magana. Sai can ta buga cinya. Ta tuna. Lokacin da ake Sabon Gini, ɗaki tara aka zana, aka zuba daɓen tara, sai guguwa ta zo a shekarar, aikin ya tsaya a takwas. Mis Roshika da zanen ta yi aiki.

"Abu mai sauƙi," in ji Madam Torika. "Zan rubuta musu su goge shi."

Amsar ta zo bayan kwana tara. Hedikwata ta ce ba a goge ajin da ake darasi a cikinsa, kuma bisa ga abin da ke gabansu ana darasi a wannan aji sau goma sha biyu a mako. Ta sake rubutawa cewa to a ɗauke darussan a kai wani ajin. Suka ce ba a ɗauke darasi sai ajin na da matsala, a cike fam. Fam ɗin ya zo, muka haɗa kai mu uku muna karantawa. Akwai wurin fanka ta lalace, akwai wurin ƙofa ba ta rufuwa, akwai wurin rufi. Babu wurin da mutum zai ce ɗakin ne babu.

"Rufi fa?" in ji Madam Torika. "Yana da rufi?"

"Ba shi da shi."

"To ai ba ƙarya na yi ba." Ta sa alama a rufi ta aika.

Shugaban kwaleji ya ce a yi haƙuri, shi ma yanzu ko kujera ba ya iya matsarwa sai an ce masa daga Suva. Ga damina ta kankama, don mu a nan lokacinta ke nan, ba zama a waje. Masta ya aro baro wurin mai gyaran fili, ya loda kwalayensa, ya rufe da leda. Kullum da safe sai ya biya ta tagar Madam Torika, ta raɗa masa ajin da take jin babu kowa a wannan awar. Wani lokaci ta dace. Wani lokaci ya sauke kaya ya manna hotuna, sai mai ajin ya shigo, ya sake kwashewa, ɗalibai na biye da shi a baranda kamar 'yan rakiyar amarya. Darasin awa ɗaya sai ya koma na minti ashirin.

Ranar da abin ya fi ɗaure masa kai wata Laraba ce a Maris. Madam Torika ta ce masa C biyu, sifili uku. Ko C ta ce ko D, har yau suna musu. Ya shiga ya tarar da aji cike, kowa a zaune tsit. Ya ji daɗi, ya ce yau kam sun riga shi. 'Yan shekarar farko ne, bai gama sanin fuskoki ba. Ya raba musu katantanwa, ya sa su tafa gaɓoɓin sunayensu, ya koya musu waƙar baƙaƙe, suka rera har da rausaya. Ya ce bai taɓa samun aji mai saurin ɗauka irin wannan ba. Sai da ya juya zai ɗauko alli ya ga Masta Jagdish a bakin ƙofa, rungume da akwatin kwalaben gwaji, ya jingina da bango saboda gwiwa.

"Masta, ci gaba, ban so in katse ka ba. In ka gama da su, nawa ne."

"Naka? Tun yaushe kake nan?"

"Tun kafin waƙar."

Ya juya ga ɗaliban. "Ku kuma me ya hana ku magana?"

Suka sunkuyar da kai. Wata daga layin baya ta ce, "Masta, mun ɗauka sabon tsari ne."

Nasa ɗaliban suna can wani gini sun jira har sun watse.

Mu dai dariya muka yi ta yi a babban ɗaki, har da masu hawaye. Shi ma ya yi. Amma daga ranar na ga ya canza. Ya fara rubuta lambobin azuzuwa a tafin hannunsa. Yakan tsaya a mararrabar baranda da baronsa ya daɗe bai motsa ba. Da yake yana ɓata safiya wajen neman aji, kullum sai ya tarar tebura sun ƙare, sai ya zauna a kan kwalinsa yana gyaran takardu a cinya. Abincin rana ma muka daina ci tare, don ba ma sanin inda za mu sami juna.

Wata rana da azahar na same shi a bayan kantin abinci, zaune a kan hannun baro, bai buɗe kwanonsa ba.

"Pushpa," ya ce. Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. "Ki gaya mini gaskiya. Ni ne, ko kwalejin ce?"

"Kamar yaya, Masta?"

"Babana haka ya fara. Ya fita zuwa gona ya tsaya a hanya, ya rasa inda za shi. Jiya na tsaya a ƙofar tsohon ajina ina laluben makulli a aljihu. Na fi minti biyar. Na san an raba shi, da idona na gani, amma ga ni ina neman makulli."

Na ce masa kowa ma a ruɗe yake. Na ba shi labarin yadda ni ma ranar Litinin na hau bene na sauko sau uku ina neman ajin da na baro. Ya gyaɗa kai, amma na ga maganar ba ta shige shi ba.

Matarsa, Salanieta, ita ta matsa sai da ya je asibiti. Ya dawo washegari yana ba mu labari. Likita ta tambaye shi ranar wata, ya faɗa. Ta ba shi kalmomi biyar ya riƙe, ya maido mata su har da gyara mata furucin ɗaya. Ta sa shi zana agogo, ya zana. Ta ce lafiyarsa ƙalau, me ya sa yake zargin kansa? Sai ya zaro jadawalin da taswirar kwaleji ya miƙa mata, ya ce ta nuna masa inda zai kasance ranar Alhamis ƙarfe sha ɗaya. Ta duba, ta juya takardar, ta sake juyawa, ta cire tabarau. Ta ce ya rage gishiri, ya riƙa samun barci.

"Ka gani ko?" in ji Madam Torika. "Kai dama can ba ka da kan da zai lalace."

"Ke kuma da kike da shi, ga inda ya kai mu."

Da ruwa ya ɗauke a watan Mayu, Masta ya ce ya gaji da yawo. Ya tura baronsa har kan simintin nan na gefen tanki, ya sauke. Ya ce takarda ta ce nan ne ajinsa, to nan ɗin ne. Ɗalibai suka kawo tabarmi daga ɗakunan kwanansu. Mai gyaran fili ya ɗaura tamfol daga bangon sifili takwas zuwa wata bishiya. Aka jingina allo da tanki. In iska ta taso baƙaƙen kwali sai su tashi, a bi su da gudu cikin ciyawa. Amma darasi ya koma na awa ɗaya cif, kuma ya daina rubutu a tafin hannu.

A Yuli, wata ranar Talata, ina wucewa sai na ga babbar mota ta tsaya da kwanon rufi da katako, kafintoci uku suka diro. Babbansu, wani mai furfura da fensir a bayan kunne, ya zo da takarda ya tsaya a bakin tabarma.

"Masta, a gafarce mu. Muna neman G ɗaya, sifili tara. An ce rufinsa ya lalace."

"Kana cikinsa."

Mutumin ya ɗaga kai ya kalli tamfol. Ya kalli takardarsa. Ya leƙa sifili takwas ya dawo.

"Ina bangon?"

"Ba a kawo ba tukuna."

"Guguwa ce ta ɗauke?"

"Ita ce ta hana shi zuwa."

Kafinta ya sosa ƙeya da fensir. Ya ce shi dai rufi aka ce ya yi, kuma kayan nan daga Suva aka ɗoro su a jirgin ruwa, in ya mayar sai an tambaye shi dalili, shi kuma bai ga dalilin da zai faɗa wani ya yarda ba. Suka koma gefe suka yi shawara. Kwana huɗu suka yi. Suka kafa ginshiƙai shida, suka ɗora kwano sabo fil, har da bututun da ke kai ruwan sama cikin tanki. Da za su tafi babban ya ce a sa masa hannu an gyara rufi. Masta ya riƙe biro ya daɗe, sannan ya sa.

Wurin ya zama ya fi ko'ina daɗin zama a kwalejin. Iska ta ko'ina, ba ƙarar fanka. Malaman da suka rasa tebur a babban ɗaki suka fara kawo takardunsu nan. Ranar Juma'a bayan an tashi, nan ake dama kava, abin shanmu na gargajiya da ake yi da garin saiwa, ƙwarya na zagayawa, ana zagin jadawali.

A Nuwamba Mis Roshika ta dawo da murnarta. Ta ce a duk kwalejojin da ke ƙarƙashin hedikwata babu ajin da aka yi amfani da shi yadda ya kamata kamar G ɗaya, sifili tara, har an sa shi a rahoto a matsayin abin koyi, tana so ta ɗauki hotonsa. Madam Torika ta ce, "Zo mu je, 'yar nan," ta kama hannunta kamar mai kai yaro allura.

Ina wurin. Ta tsaya a gaban rumfar, ta buɗe zanenta, ta rufe. Fuskarta ta yi ja. Masta ya tashi ya gyara ɗaurin sulunsa, zanen da mazan nan ke ɗaurawa, ya ba ta kujerarsa.

"Masta, shekara guda a nan kake? Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Mun rubuta, 'yata. Sau biyu."

"Ba wurina wasiƙun ke zuwa ba. Ni na sa ɗakin nan. Ban ƙirga ƙofofi ba."

"Ba komai. Ga shi kin samar mana rufi."

Ta ciro na'urarta ta haska, jan hasken ya wuce tsakanin ginshiƙai ya tafi can cikin gonar rake, bai sami bangon da zai tsaya ba. Ta kashe ta. Ta yi alkawari da kanta za ta gyara komai, ta kuma ba shi haƙuri har sau uku.

Ta cika alkawari. Da sabuwar shekara ta zo, an goge G ɗaya, sifili tara daga kwamfuta, domin a ƙa'ida wurin da ba shi da bango ba aji ba ne, kuma ba a yarda a yi darasi a inda ba aji ba. Aka rarraba darussan Masta a azuzuwa biyar, biyu a saman bene. Ya kawo mini sabuwar takardar har inda nake zaune.

"Ƙanwata, taimake ni. Da babu shi, sun ce akwai, dole in shiga. Yanzu ga shi a tsaye, sun ce babu, kada in shiga. Haka ne, ko na sake juya shi?"

"Haka ne, Masta."

"To," ya ce. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Baro ba ya hawa bene, sai ya rage kayan zuwa abin da jaka ɗaya za ta ɗauka, sauran ya rabar wa ɗaliban da ke shirin fita koyarwa. Zango ɗaya ya ƙara, shekarun ritayarsa suka cika a watan Yuni. Aka yi masa liyafa, aka gasa alade da gwaza a rami, ni na kawo miyar kabewa saboda marasa cin nama. Madam Torika ta tashi za ta yi jawabi, ta fara da tsokana, kuka ya ƙwace mata, ta zauna. Ita ma ba ta kai ƙarshen shekarar ba ta ajiye aiki.

Bara na je Bua bikin wata tsohuwar ɗalibata, na biya ta ƙauyen su Masta. Na same shi ya dawo daga gona, ya yi baƙi, ya rame kaɗan, hankalinsa garau. Salanieta ta dafa mana kifi da madarar kwakwa. Ya tambayi gwiwar Masta Jagdish, na ce an yi masa aiki. Ya tambayi wanda ke koyar da darasinsa yanzu. Na ce mutum uku ne, 'yan wucin gadi, ɗaya ma daga Suva take yi ta kwamfuta.

"Su ɗaliban suna ina in tana yi?"

Na buɗe baki, sai na ga ban sani ba. Na ce zan tambaya.

Da motar haya ta iso ya sa aka ɗora mini buhun rogo, ya ja kunnen direba kada ya bari a zauna a kai. Muna tashi yana ɗaga hannu, yana ƙwala mini cewa in dafa shi cikin kwana biyu, irin mai saurin baƙi ne.